Daga Indra Zuwa Vishnu Da Shiva: Yadda Addinin Hindu Ya Riƙe Veda Alhali Ababen Bautarsa Sun Sauya

Littafin da ya fi kowanne daɗewa da daraja a wurin mabiya addinin Hindu shi ne Rigveda, tarin waƙoƙin yabo 1,028 da aka kasa kashi 10. Wanda ya zauna ya ƙirga waƙoƙin nan bisa ga wanda aka yaba a cikinsu zai tarar kimanin 250 na Indra ne, jarumin tsawa da yaƙi, kimanin 200 kuma na Agni ne, wato wuta, sannan kashi na 9 gaba ɗayansa na Soma ne, wani abin sha da ake matsewa daga tsiro a lokacin hadaya. Waƙoƙin da aka keɓe wa Vishnu ba su wuce 6 ba, na Rudra kuwa, wanda daga baya ya zama Shiva, cikakku 3 ne kacal. Amma a Indiya ta yau lissafin ya juye: Vishnu da Shiva da allahiyar da ake kira Devi su ne suka cika wuraren bauta daga Kashmir har ƙarshen kudu, Indra kuwa da wuya mutum ya ci karo da ɗakin bauta nasa, tsiron Soma ma an daɗe da manta ainihinsa har ana amfani da madadi. Duk da haka, malaman Hindu ba su taɓa sauke Veda, wato tarin tsofaffin nassosin da Rigveda yake cikinsu, daga matsayinsa na hujja mafi girma ba. Tambayar ita ce yadda jama'a za su sauya waɗanda suke bauta wa ba tare da sun sauya littafin da suke jingina gare shi ba.

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma ina ganin dukkansu sun gaza. Ta farko ta mai bi ce, wanda yake cewa babu abin da ya sauya, komai yana cikin Veda tun fil azal, littattafan baya bayani kawai suka yi. Ta biyu ta wasu manazarta ce na waje, masu cewa addinai biyu ne daban, na biyun ya ari sunan na farkon kawai. Abin da ya faru ya fi duka biyun sarƙaƙiya, domin sauyin ya soma ne daga cikin Veda kansa, sannan abubuwan da suka shigo daga waje ba su samu wurin zama ba sai da aka nema musu dangantaka, ko da siririya ce, da wani suna ko wani baiti na Veda.

Yawancin masana suna sanya tsara waƙoƙin Rigveda tsakanin shekara ta 1500 da ta 1000 kafin Miladiyya, a yankin Punjab da kewayensa, a tsakanin jama'a makiyaya masu alfahari da shanu da dawaki da karusan yaƙi. Sunayen allolinsu sun bazu fiye da Indiya, domin a wata yarjejeniya ta ƙarni na 14 kafin Miladiyya tsakanin sarkin Hittiyawa da na Mitanni, wadda aka tono a Boghazkoy ta ƙasar Turkiyya, an kira Mitra da Varuna da Indra da Nasatya a matsayin shaidu. Ibadar mutanen nan ba ta da ɗakin bauta kuma ba ta da gunki. Ana share fili, a shimfiɗa ciyawa domin alloli su zauna a matsayin baƙi, a hura wuta, a zuba mata man shanu da hatsi da ruwan Soma, wani lokaci a yanka dabba, Agni kuma shi ne ɗan aike mai kai rabon kowa. Abin da ake roƙo a fili yake: shanu, 'ya'ya maza, ruwan sama, nasara a kan abokan gaba da tsawon rai.

Sai dai Veda ba littafi ɗaya ba ne da aka gama a zama ɗaya. Bayan tarin waƙoƙi da addu'o'i guda 4, wato Rigveda da Samaveda da Yajurveda da Atharvaveda, sai littattafan Brahmana masu bayanin hadaya, sai Aranyaka, sai Upanishad masu zurfafa tunani a kan haƙiƙar rai da duniya, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ɗaruruwan shekaru. Tun a Rigveda akwai baitin da ke cewa abin da yake tabbatacce ɗaya ne, masu hikima ne suke kiransa da sunaye da yawa, suna ce masa Indra da Mitra da Varuna da Agni. A Brihadaranyaka Upanishad an tambayi malami Yajnavalkya yawan alloli, ya ce 3,306, da aka matsa masa ya ce 33, aka ci gaba da matsawa yana ragewa har ya tsaya a kan ɗaya. Labarin da ya fi nuna inda aka dosa yana cikin Kena Upanishad. Alloli sun yi nasara a yaƙi suna ta fahariya, sai wata halitta da ba su gane ba ta bayyana, ta ajiye tsinken ciyawa a gaban Agni ya kasa ƙona shi, ta ajiye a gaban Vayu, allahn iska, ya kasa ɗaga shi. Da Indra ya nufe ta sai ta ɓace, ya tarar da wata mace mai suna Uma, 'yar dutsen Himalaya, ita ce ta sanar da shi cewa abin da suka gani Brahman ne, tushen komai, kuma da ƙarfinsa suka ci yaƙin. Wannan nassi ne na Veda, amma a cikinsa manyan allolin Rigveda sun zama ɗalibai, mai koyar da su kuma ita ce wadda za a sani daga baya a matsayin matar Shiva.

Tarihin Vishnu shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. A Rigveda an san shi da abu guda: ya yi taku uku ya auna sararin duniya, takunsa na uku yana can sama inda ko tsuntsu ba ya kaiwa, kuma shi abokin Indra ne da ya buɗe masa fili a yaƙinsa da macijin Vritra. Ƙaramin matsayi ne, amma yana ɗauke da iri mai kyau, domin wanda ya ratsa ko'ina da takunsa ana iya cewa yana ko'ina. Littattafan Brahmana suka ƙara masa abin da ya fi haka, suka yi ta nanata cewa Vishnu shi ne hadayar kanta, Aitareya Brahmana kuma ya buɗe da cewa Agni ne na ƙasa a cikin alloli, Vishnu ne na sama, sauran suna tsakaninsu. A Shatapatha Brahmana an ba da labarin yadda abokan gaban alloli suke raba ƙasa, suka yarda su ba alloli iyakar wurin da Vishnu, wanda yake wada, zai iya kwantawa, da wannan ɗan fili alloli suka mallaki ƙasar duka. Marubutan Purana, littattafan labaran alloli da suka zo bayan Veda, suka haɗa wadan da taku ukun suka fitar da labarin Vamana, wadan da ya roƙi sarki Bali filin taku uku sannan ya girma ya cika sama da ƙasa. Haka aka yi da kifin da ya ceci Manu, kakan 'yan Adam, daga ruwan tsufana a wannan littafi na Shatapatha, wanda ba a ce Vishnu ne ba a can, da aladen daji da kunkuru waɗanda tun farko Prajapati, ubangijin halittu, aka danganta su da shi. Dukkansu aka mayar da su siffofin da Vishnu yake sauka duniya a cikinsu.

Wannan ra'ayi na saukowa shi ne ƙofar da ta fi kowace faɗi, kuma ta nan ne Krishna ya shiga. Bautar Vasudeva Krishna ta taso ne a tsakanin ƙabilar Vrishni ta yankin Mathura, ba daga filin hadaya ba. Shaidarta ta kayan tarihi a tabbace take: sulallan sarkin Girkawa Agathocles na wajejen shekara ta 180 kafin Miladiyya, waɗanda aka samu a Ai Khanoum ta Afganistan, suna ɗauke da surar Vasudeva da ɗan'uwansa Samkarshana, sannan a Besnagar ta jihar Madhya Pradesh har yau akwai ginshiƙin dutse da Heliodorus, jakadan sarki Antialkidas na Taxila, ya kafa wajejen shekara ta 113 kafin Miladiyya domin Vasudeva, wanda rubutun ya kira allahn alloli. Da aka ce Vasudeva shi ne Vishnu, sai kowa ya ci riba. Masu bautar Krishna suka samu asali a Veda, malaman Veda kuma suka samu jama'a mai yawa da ƙauna mai zafi waɗanda hadaya ba ta taɓa tara musu ba. Daga baya aka bi wannan hanya da Jagannath na garin Puri, mai surar itace da manyan idanu, da Vithoba na Pandharpur, waɗanda kamanninsu kaɗai sun isa su nuna cewa a ƙasarsu suka tsiro kafin a ce Krishna ne.

Hanyar Shiva daban ce. Rudra na Rigveda maharbi ne mai ban tsoro wanda kibansa ke kawo cuta ga mutane da dabbobi, kuma shi ne dai mai magani, saboda haka yawancin roƙon da ake yi masa na ya kau da kai ne. Kalmar shiva, mai nufin mai alheri, lallashi ce da ake yi masa kafin ta zama sunansa. A tsarin hadaya yana gefe, ana ba shi saura ne bayan an ba sauran, kuma ƙwaƙwalwar wannan wariya ce ta fito a labarin baya na Daksha, surukin da ya shirya babbar hadaya bai gayyaci Shiva ba har aka tarwatsa taron. Amma Yajurveda ya riga ya tanadi doguwar addu'ar Shatarudriya, inda ake gaishe da Rudra a cikin itatuwa da koguna da maharba da maƙera har da ɓarayi, wato a duk inda tsarin malamai bai kai ba. A cikinta ne lafazin namah shivaya ya zo, wanda miliyoyin mutane suke maimaitawa yau, kuma ita ake karantawa ana zuba ruwa da madara a kan dutsen linga, alamar Shiva, alhali babu bautar linga a tsarin hadayar Veda. Shvetashvatara Upanishad ya kammala aikin da ya ce Rudra ɗaya ne, ba shi da na biyu.

Indra bai ɓace ba, an rage masa girma ne a hankali ta hanyar labari. A manyan waƙoƙin labari na Mahabharata da Ramayana da kuma Purana yana nan a matsayin sarkin alloli, amma sarki ne mai fargabar duk wani mai tsananin ibada kada ya ƙwace masa kujera, mai bin matar wani kamar yadda ya yi da Ahalya, mai gudu wurin Vishnu duk lokacin da aka kore shi daga fadarsa. Kashe Vritra, wanda shi ne babban abin alfaharinsa a Rigveda domin ya saki ruwan da aka tsare, ya koma zunubin da yake neman tsarkaka daga gare shi. Ya zama kamar hakimin da aka bar wa rawani aka karɓe ƙasar. Labarin dutsen Govardhana, wanda ya zo a Harivamsha da Vishnu Purana da Bhagavata Purana, ya faɗi maganar ba tare da kwana-kwana ba: Krishna ya hana makiyaya yi wa Indra bikinsa na shekara, ya ce su girmama dutsen da shanun da suke ciyar da su, Indra ya fusata ya sako ruwa kwana 7, Krishna ya ɗaga dutsen ya yi musu laima, daga ƙarshe Indra ya sauko ya yi mubaya'a. Ana tuna wannan a bikin Govardhan Puja a cikin kwanakin Diwali. Varuna, mai tsaron gaskiya da tsarin duniya wanda ake roƙon gafararsa a wasu daga mafi kyawun waƙoƙin Rigveda, ya koma mai kula da teku da kusurwar yamma. Prajapati ya zama Brahma mahalicci, wanda ɗakin bautarsa na Pushkar a jihar Rajasthan ya yi suna ne saboda ƙarancin irinsa.

Game da Devi da Ganesha, zaren da ya haɗa su da Veda ya fi siranta, kuma a nan ne ake ganin dabarar a tsirara. Allahiyoyin Rigveda, irin su Ushas ta alfijir da Sarasvati wadda kogi ce kafin ta zama uwar ilimi, ba su kai matsayin mai iko da komai ba. Devi Mahatmya, wanda aka tsara wajejen ƙarni na 5 zuwa na 6 Miladiyya a cikin Markandeya Purana, shi ne ya kawo Durga wadda ta fito daga haɗuwar ƙarfin dukkan alloli bayan aljani mai surar ɓauna ya kori Indra daga sama, kowannensu ya miƙa mata makaminsa. Masu karanta shi sukan haɗa da waƙa ta 125 ta kashi na 10 na Rigveda, inda Vak, wato magana, take cewa ita ce sarauniya mai ɗauke da Mitra da Varuna da Indra da Agni. Ganesha mai kan giwa kuwa surarsa ba ta yaɗu ba sai wajejen ƙarni na 5 Miladiyya, amma baitin da ake buɗe bautarsa da shi na Rigveda ne, an yi shi ne domin Brahmanaspati, allahn addu'a, kuma abin da ya sa aka ɗauko shi shi ne laƙabin ganapati, shugaban runduna, da ya zo a ciki.

Me ya tura wannan sauyi? Babbar hadaya tana cin dukiya da malamai da yawa, wasu nau'o'inta suna bukatar malamai 16, saboda haka sai sarki ko attajiri. An kuma killace ta: 'yan ajin Shudra, na ƙasa a cikin azuzuwan jama'a huɗu, ba a yarda su koyi Veda ba, mata ma aka nisanta su daga karatunsa. Daga wajejen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, lokacin da birane suka bunƙasa a kwarin kogin Ganga, addinin Buddha da na Jain suka ƙi hujjar Veda da yankan hadaya, suka buɗe ƙofa ga kowa, suka kuma samu goyon bayan sarakuna da fatake. Amsar da ta yi tasiri ita ce ibadar ƙauna da ake kira bhakti, wadda ba ta bukatar dukiya. A Bhagavad Gita Krishna ya soki masu maƙalewa da ƙawatattun kalmomin Veda domin neman aljanna da jin daɗi, ya ce ganye ko fure ko ɗan itace ko ruwa da aka ba shi da ƙauna yana karɓa, amma a wannan littafin dai ya ce shi ne wanda dukkan Veda suke nufin a sani, kuma a cikin alloli shi ne Indra. Bai rushe Veda ba, ya haɗiye shi ne. Sarakunan Gupta sun nuna yadda abubuwan biyu suka zauna tare a ƙarni na 4 da na 5: Samudragupta ya yi tsohuwar hadayar doki ta Veda har ya buga sulalla domin tunawa da ita, ɗansa Chandragupta na Biyu kuma ya kira kansa babban mai bautar Vishnu a kan nasa sulallan.

A ɓangaren littattafai, malamai sun raba su gida biyu: shruti, abin da aka ji, wato Veda, da smriti, abin da aka tuna, wato littattafan shari'a irin na Manu da Mahabharata da Ramayana da manyan Purana 18. A ƙa'ida, idan suka yi karo shruti ne ke rinjaye. A aikace kuwa, abin da talaka ya sani na addininsa daga smriti ya fito, kuma kowane sabon littafi yana neman hanyar raɓuwa da tsohon. Mahabharata ya kira kansa Veda na biyar, aka kuma ce Vyasa da ya kasa Veda kashi 4 shi ne ya tsara shi da Purana. Bhagavata Purana ya bayyana dalilin ƙarara, cewa an yi Mahabharata ne saboda tausayin mata da Shudra da waɗanda Veda bai kai kunnensu ba. Tsarin gina ɗakin bauta da kafa gunki da hidimarsa ta kullum ya fito ne daga littattafan Agama, waɗanda wasu malaman Veda suka yi wa kallon baƙi, har sai da Yamunacharya ya rubuta littafi guda domin kare halascin na Pancharatra, wato Agama na masu bautar Vishnu. A ƙasar Tamil, waƙoƙin Nammalvar, waɗanda ba da Sanskirit, harshen Veda, aka yi su ba, an ba su sunan Veda na Tamil, ana rera su a ɗakunan bautar Vishnu irin na Srirangam kafaɗa da kafaɗa da na asali.

Wanda ya kalli ibadar puja, wato hidimar da ake yi wa gunki, da kyau zai ga haɗin da idonsa. Mai jagoranci yana yi wa gunki hidima 16, ya gayyace shi, ya ba shi wurin zama, ya wanke masa ƙafa, ya yi masa wanka, ya tufatar da shi, ya shafa masa sandal, ya miƙa fure da turare da fitila da abinci, kuma a al'ada mai yaɗuwa kowace hidima tana tafiya da baiti ɗaya daga baitoci 16 na Purusha Sukta, waƙar Rigveda da ke maganar halittar duniya daga hadayar wani mutum na farko. Ma'anar baitin ba ta da alaƙa da wanka ko fitila. Abin da ake bukata daga gare shi sautinsa ne da tsarkinsa. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun sha ganin ango da amarya suna zagaya wuta, to wannan wutar Agni ce tana shaida, wasu baitocin da ake karantawa daga waƙar aure ta Rigveda suke, kuma dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda al'adar ma'aurata ta ƙunshi taku 7 a gaban wuta, aure yana ƙulluwa ne da taku na bakwai. Baitin Gayatri, na Savitar allahn rana, shi ma ana karanta shi kowace safiya.

Wannan fifita sauti a kan ma'ana tsohon abu ne. Mazhabar Mimamsa ta koyar da cewa Veda ba shi da marubuci, mutum ko allah, kuma lafazin da aikin su ne masu tasiri, ba allolin da aka ambata ba. An kiyaye nassin ta hanyar hadda mai tsanani, ana karanta kalmomi a jere da a rarrabe da gaba da baya domin kada harafi ya goce, abin da UNESCO ta amince da shi a 2003 a matsayin gadon baka na ɗan Adam. Al-Biruni, a littafinsa kan Indiya na wajejen 1030, ya riga ya lura cewa 'yan ajin Brahmin, wato ajin malamai, suna haddace Veda suna karanta shi, amma kaɗan ne suke sanin ma'anarsa. A ganina wannan ne ya ba Veda damar zama hujjar kowa, domin nassin da ake rerawa fiye da yadda ake fassarawa ba ya tsayawa a gaban sabuwar fahimta.

Da aka buga Rigveda da sharhin tsohon malami Sayana a ƙarƙashin kulawar Max Muller tsakanin 1849 da 1874, tazarar ta fito fili ga duk mai iya karatu. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay a 1875, ya ɗauki matsayi mai kaifi: a koma ga Veda, a bar gumaka da Purana, a fahimci Agni da Indra a matsayin sunayen Ubangiji ɗaya, a kuma buɗe karatun Veda ga mata da kowane aji. Tun a 1869 ya yi muƙabala da malaman Banaras a gaban sarkin garin a kan ko bautar gunki tana da tushe a Veda. Taron ya watse cikin hayaniya, kowane ɓangare yana cewa shi ya yi nasara, kuma mafi yawan Hindu sun ci gaba da zuwa ɗakunan bautarsu. Abin lura shi ne malaman da suka tsaya kare gumaka ba su ce Veda ya tsufa ba, sun dage ne a kan cewa Purana da abin da suka ƙunsa suna cikin inuwarsa, shi kuma Dayananda, domin ya samu tauhidin da yake nema a waƙoƙin Indra da Agni, sai da ya yi musu fassarar da Sayana bai yi ba.